Saƙon da Hassane Bai Isar Ba

Ku yi mini afuwa, ku da kuka cika mini waya tun jiya kuna tambayar atamfar anko da irin lallen da zan yi. Na ga saƙonninku, amsar ce ta gagare ni. Na zauna na tashi, na fita tsakar gida na dawo, da safen nan ma hannun riga na ɗinka a baibai sai da na warware. Yau ba zancen anko zan yi muku ba.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Zeinabou, haifaffiyar Agadez, daga gidan albasa. Haka ƴan unguwa ke kiran gidanmu, don Babanmu dillalin albasa ne, motocin Tabelot a ƙofarmu suke sauke kaya. Mayafina sai na turara shi sau biyu kafin in fita da shi cikin mutane. Ɗinki nake yi. An sa ranar aurena da Hassane, abin da ya rage bai kai wata ba.

Ku tambayi duk wanda kuka ga dama a unguwarmu wane ne Hassane, kalma ɗaya za ku ji: mutumin kirki. Shi ne mai tsayar da babur ya ɗauki tsohuwa da kayanta ya kai ta har gida. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Akwai wata riga da na ɗinka masa ina farkon koyo, wuyan ya karkace kamar an ja shi da ƙugiya, amma ya saka ta ya tafi masallacin Juma'a, ya dawo yana rantsuwa bai taɓa sa rigar da ta zauna masa haka ba. Ba ya iya ganin fuskar mutum ta ɓaci. Wannan halin ne ya sa na so shi, ba zan ɓoye muku ba.

Bara ne suka tafi Tchibarakaten haƙar zinariya, can kusa da iyakar Aljeriya, shi da amininsa Illiya. Wajen wata biyu ke nan Hassane ya dawo shi kaɗai, ya buɗe ɗan butik ɗinsa, shagon kayan masarufi. Ya ce Illiya ya ƙara gaba zuwa wani sabon rami inda babu rezon waya ko kaɗan, sai ya tara abin suna zai dawo. Don matar Illiya, Ramatou, tsohon ciki gare ta. Gidansu yana bayan namu, katanga ɗaya ta raba mu, tana zaune da uwar mijinta Iya Hajara, tsohuwa mai fama da tansiyon, wato hawan jini. Ramatou ƙawata ce, ita ke mini kitso tun ina ƴar makarantar lakwal, ita ce kuma ta ce ko da naƙuda take yi babu mai zana mini lallen aure sai ita. Duk Juma'a Hassane zai shiga gidan da shinkafa da mai da makaroni, ya ce Illiya ne ya aiko ta hannun direbobi. Ramatou kuma kullum sai ta yi wa mijinta vokal, wato saƙon murya, saƙon ya tsaya da alama ɗaya bai shiga ba, ta yi dariya ta ce ranar da ya samu rezo wayarsa sai ta yi zafi.

To, jiya Talata da la'asar Hassane ya zo hira. Na sa doguwar rigata mai ruwan ganye wadda na yi wa aikin zare a wuya, na yafa farin mayafi, na sa ƴan kunnen azurfa da ya sayo mini wurin maƙeran tsohon gari. Ina cikin zaure ɗauke da faranti, ruwan sanyi da cuku da dabino, sai na ji muryar Saidou a waje. Saidou direba ne mai kawo wa Baba albasa, amma kafin nan ya daɗe yana kai ruwa da abinci wuraren haƙa. Murya gare shi, ko raɗa ya yi sai maƙwabta sun ji.

"A'a! Hassane? Ashe kai ne angon gidan nan! Kai, ya ƙarin haƙurinmu?"

"Lafiya lau, Saidou. Ya hanya?" Da sauri Hassane ya amsa.

"Bar hanya. Wallahi har yau in na rufe ido sai in ga yaron nan. Illiya! Ina tsaye aka fito da shi, bargona ne aka lulluɓe shi da shi. Ya tsohuwarsa ta ɗauki abin? Nuna mini gidan in shiga in yi musu gaisuwa kafin in juya."

Na jingina da bango.

"Ba sa nan," in ji Hassane. "Sun tafi ƙauye zaman makoki. In sun dawo zan isar musu, na gode ƙwarai."

Jama'a, ba maganar ce ta fi firgita ni ba, muryar ce. A hankali, da taushi, ba ko gargada. Da wannan muryar yake ce mini yana sona.

Saidou ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya tayar da motarsa. Na fito. Hassane yana zaune a kan babur, da ya ɗago ya ga fuskata sai murmushin da ya shirya mini ya tsaya a rabi.

"Wane Illiya?"

"Zeina..."

"Wane Illiya ne aka lulluɓe da bargo?"

Ya sauko daga babur ɗin ya tsuguna a gindin katanga. Na ajiye farantin a ƙasa. Ban zauna ba.

Rami ne ya rufta da shi, in ji Hassane. Suka yi ta tono da hannu da shebur, ko da suka kai gare shi rai ya yi halinsa. A can aka yi masa sutura. Mutanen wurin suka taru suka ce Hassane ne zai kawo labari gida, tunda shi ne amininsa, shi ne kuma ya iya magana.

"Na zo da niyyar faɗa, Zeina. Ko gidanmu ban shiga ba, da ƙurar hanya a jikina na yi musu sallama. Iya tana ganina ta rangaɗa guɗa. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce ganina kamar ganin ɗanta ne. Ramatou ta leƙo daga ɗaki tana riƙe da ƙugu tana dariya. Na buɗe baki, wallahi na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, yana gaishe ku."

"Shinkafar fa? Da man?"

"Ni ne." Ya sunkuyar da kai. "Ni na ja shi zuwa can. Shi bai so tafiyar ba, ni na yi ta lallashinsa."

"Yaushe za ka faɗa musu?"

"Ramatou ta haihu tukuna. Kin san jikin Iya, labari irin wannan zai iya kayar da ita. A yi bikinmu, hankali ya kwanta, sai in samu manya..."

"A yi bikinmu?" Sai da na waiga don na ji muryata ta tashi. Na rage ta. "Ramatou ce za ta zana mini lalle, Hassane. Matar da ya kamata a ce tana takaba. Kullum sai ta sa kwalli ta yi wa mamaci vokal. Uwarsa ko sadakar ƙosai ba ta yi masa ba, ko sau ɗaya ba ta ɗaga hannu ta ce Allah ya jiƙansa ba, don ba ta sani ba. In ta haihu kafin ka faɗa, takabar ma ta wuce ta ke nan. Wa ya ba ka wannan ikon?"

Sai ya fashe da kuka. Namiji, da rana tsaka, a ƙofar gidan surukansa. Abin da ya ƙara ba ni haushi, sai na ji hannuna yana neman miƙa masa bakin mayafina ya share ido. Na ƙanƙame mayafin na shige gida, na bar masa farantin a nan.

Inna tana ɗaki tana jera kayan aurena, ta baje kwanoni da zannuwan gado a kan tabarma, ga kaskon turare yana hayaƙi a gefe. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta saki murfin kwano, ta yi salati, ta yi kuka sosai, don Illiya a gabanta ya girma. Na ce to, alhamdu lillahi, yanzu za ta yafa mayafi ta kira Baba. Sai na ga ta share hawaye da gefen zane, ta tashi ta sakaya ƙofa.

"Wa kika gaya wa?"

"Ke kaɗai."

"To ya tsaya a nan."

"Inna!"

"Ki saurare ni. Gwaggonki ta riga ta taso daga Iférouane. An gaya wa dangi, an gaya wa mutanen gari. In maganar nan ta fita yanzu, makoki a bayan katangarmu, da wane ido za mu yi taro? Wannan ma mai sauƙi ne. Kin san Babanku. Ya ji yaron nan ya yi wata biyu yana shiga gidan mutane da ƙarya, wallahi sai ya mayar musu da kayansu."

"To ba ƙaryar ya yi ba?"

"Ba mugunta ya yi ba. Tausayi ne ya yi masa yawa. Nawa ne za su ciyar da gidan abokinsu bayan ransa? Wanda ya mutu ya riga ya mutu, ƴan makonni ba za su ƙara masa komai ba, ba za su rage ba. Ki bari a ɗaura, ni da kaina zan sa Babanku ya shiga maganar."

Na ce, "Inna, da ni ce Ramatou fa? Kina so maƙwabta su sani, su dinga gaishe ni suna dariya?"

Ta dube ni, ta kawar da kai, ta ɗauki murfin da ya faɗi tana goge shi alhali ba abin da ya same shi. "Allah ya tsare bakinki," kawai ta ce.

Kada ku zagi Innata. Mace ce da ba ta iya cin abinci in ta san maƙwabci bai ɗora tukunya ba. Amma jiya na ga yadda son ɗa yake lanƙwasa mutumin kirki har ya kira shiru da sunan hikima. Na koma ɗakina ina ta juya kalmar nan da ta faɗa, tausayi. Wa Hassane ya tausaya wa? In Iya Hajara ce, ai ciwon yana nan yana jiranta, bai rage mata ko ƙwayar gero ba, sai ma ƙari da ya yi mata, don ranar da ta ji za ta haɗa mutuwar ɗa da kunyar guɗar da ta yi. Ni dai abin da na gani, kansa ya tausaya wa. Ba ya son ya zama mutumin da aka kalla aka yi kuka. Ya saba duk inda ya shiga a sa masa albarka, ya kasa haƙura da albarkar ko ta yini ɗaya. Sai kuma wata zuciyar ta ce mini, ke da kike wannan hukunci, an taɓa ɗora miki gawar aminiyarki a ka aka ce ki kai wa uwarta? Na rasa wadda zan bi. Na buɗe akwati na rufe. Na kunna rediyo na kashe.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"Zeina kin yi fushi da ni?"

Na karanta na ajiye wayar. Wani ya biyo.

"Pardon. Ki fahimce ni don Allah. Ban da kowa sai ke."

Na rubuta: "Gobe bayan azahar za ka je ka faɗa musu. Ka ɗauko liman. Ni ma zan raka ka."

"Ba gobe ba don Allah. Ki ba ni lokaci."

"An ba ka wata biyu. Gobe."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi: "To. Saboda ke."

"Ba saboda ni ba. Saboda Illiya."

Kun san abin da ya turo mini? Hoton zuciya. Ja. Na kifa wayar a kan katifa.

Da safen nan ina gaban keken ɗinki sai ga vokal ɗin Ramatou. "Amarya ba kya laifi! Ki zo yau in gwada miki wani zane da na gani, na gwada a hannuna ya yi kyau kamar me. Ki zo da wuri kafin wannan ɗan ya fara harbina." Tana dariya. Ban iya jin ƙarshensa ba.

Bayan azahar na ce wa Inna zan shiga wurin Ramatou gwajin lalle. Ta bi ni da ido har zaure. Na sa baƙar abaya ba ko ɗigon kwalliya. Hassane yana jirana a kwanar gidan, cikin farar shadda mai guga, sai ƙamshi yake, da ledar lemu a hannu.

"Ina liman?"

"Na je ban same shi ba."

Na kalle shi. Karo na farko ke nan da ya faɗa mini magana na rasa ko in yarda ko kada in yarda, kuma na san daga yau haka zan dinga yi da duk abin da ya fito daga bakinsa.

"Lemun na mene ne?"

"Ba a shiga wurin tsohuwa hannu sake."

Muka yi sallama. Iya Hajara tana kan tabarma a inuwar rumfa, da tazbaha a hannu, akuyarsu tana cin ɓawon kankana a gefe. Tana ganinmu ta washe baki.

"Lale, lale! Ɗana da amaryarsa! Ramatou, fito ki ga baƙi. Kai wanga yaro, har da lemu? Allah shi yi maka albarka. Yadda kake duba mu, Allah shi ba ka masu duba ka."

Ramatou ta fito tana tafiya da ƙyar, cikin jar atamfa, ta ɗaura kallabi ta karkata shi, ido ya sha kwalli, hannun hagu ya yi jawur da sabon lalle. Ta ɗaga mini shi tana juyawa.

Hassane ya durƙusa a gaban tsohuwar.

"Iya, dama na zo ne... akwai maganar da..."

"Ta Illiya ce? Ya aiko?" Ta gyara zama. "To tsaya in riga ka. In ka samu mai zuwa, ka ce masa ni uwarsa na ce kayan abincin ya isa haka. Shi nake so. Ya zo ya yi wa ɗansa huɗuba da bakinsa, ko da aljihu wayam ne. Ka ji ko?"

Na zuba masa ido. A zuciyata ina cewa, yanzu, Hassane, yanzu, in ka faɗa na yafe maka komai.

"Na ji, Iya," ya ce. "Zan faɗa masa."

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Bari in gyara babur, na tare wa mutane hanya." Bai dube ni ba ya fita. Na ji ya tayar da babur ɗin. Na jira in ji ya kashe. Ƙarar ta yi ta nisa, ta yi ta nisa, har ta ɓace.

"Yaron nan da kunya yake," in ji Iya Hajara tana dariya. Ta dafa bango ta tashi, ta ce maganin da ta sha yana sa ta barci, za ta ɗan kishingiɗa.

Ramatou ta ja ni ɗakinta. Ta sa sabon labule mai furanni. Kayan jariri a ninke cikin bahon roba. A jikin ƙusa ga babbar rigar Illiya mai ruwan sararin sama, an wanke an goge, an rufe ta da leda tana jiran ranar suna. Ta zauna a bakin gado tana haki, ta jawo wayarta.

"Zo ki gaishe shi kafin mu fara, ya ji muryar amarya." Ta danna. "Illiya, ka ga wadda ta zo mana yau..."

Na kama hannunta. "Ajiye wayar, Ramatou."

Ta saki. Ta daɗe tana kallona, dariyar tana janyewa daga fuskarta kaɗan kaɗan.

"Tun da kuka shigo ban ga haƙorinki ba. Shi kuma Hassane ya ƙi haɗa ido da ni." Ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfi. "An kama shi ne a iyaka? Yana gidan kaso? Ko ciwo ya ji? Na haɗa ki da Allah, Zeinabou, kada ki rufe ni."

Na san ba aikina ba ne. Manya ke kai irin wannan labari, su fara da nasiha, su bi a hankali. Na tuna Inna da kwanoninta, na tuna Baba, na tuna ranar da aka sa. Amma ta haɗa ni da Allah, idonta cikin nawa, kuma ƙarya ɗaya ce tsakanina da zama irin Hassane.

"Ramatou, sai haƙuri. Illiya ya rasu. Rami ne ya rufta da shi."

Na zaci za ta yi ihu. Na ma matsa don in tare ta. Ba ta yi ba. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, ta sake faɗa, ta sake. Sai ta dubi hannunta mai lalle ta fara goga shi a cinyarta, tana gogawa kamar zai fita.

"Yaushe?"

"Tun kafin Hassane ya dawo."

"Shinkafar..." Ba ta ƙarasa ba. Ta cire ƴan kunnenta ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a kan gado, ta zame kallabin. "Na je biki, Zeinabou. Na yi rawa da wannan cikin, mutane suna mini tafi. Ashe mijina yana ƙarƙashin ƙasa." A nan hawayen suka zo, ba sauti, suna wanke kwallin suna gangarowa baƙi.

Na rungume ta ina kuka fiye da ita. Ita ce ma ta ɗago ni. Matar da aka ce ba za ta iya ɗauka ba, ita ce ta ce in rage murya kada Iya ta farka ta ji a bakin yara, in kira Babanmu ya zo da liman. Na kira Baba na faɗa masa a taƙaice. Ya ce ga shi nan.

"Yanzu kira mini Hassane," in ji ta.

"Ramatou..."

"Ba zaginsa zan yi ba. Ina so in ji wa ya yi masa wanka. Ina so in ji ko mutane sun yi masa salla da yawa, ko ya yi wata magana da safen ranar. Shi kaɗai ya sani."

Na kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake. Sai aka ɗauka, ba a yi magana ba. A bayansa ina jin hayaniya, injin mota yana aiki, wani yana ƙwala kira, "Arlit! Arlit, saura mutum ɗaya!"

"Hassane, kana tasha?"

Numfashinsa kawai nake ji.

"Ta sani. Ni na faɗa mata. Abin da kake gudu ya riga ya faru, ka dawo."

"Ba zan iya kallonta ba, Zeina."

"Ba a ce sai ka iya ba. Ka zo a haka."

Ramatou ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Muryarta ko rawa ba ta yi.

"Hassane, ni ce. Ka zo ka gaya mini yadda mijina ya tafi. Ina nan ina jiranka, ai ka koya mini jira."

Ta miƙo mini. Na kara a kunne, na ji mai kiran Arlit ya sake kira, sai layin ya katse.

Baba ya zo da liman. Liman ɗin da aka ce ba a same shi ba, ashe tun azahar yana zaune a ƙofar masallaci. Su suka tashi Iya Hajara suka faɗa mata. Ba zan iya kwatanta muku kukan tsohuwar nan ba. Ba ta faɗi ba, da ranta, mata sun kewaye ta suna mata fifita. Amma duk wanda ya shigo sai ta ɗago ta ce, "Ina Hassane? Ku kira mini shi, shi ma an yi masa rashi." Har yanzu ba wanda ya iya gaya mata tun yaushe ya sani.

Yanzu haka da nake rubuta muku, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu, ina jin masu gaisuwa ta kan katanga. Inna ta mayar da kwanonin cikin kwali ta rufe, ta wuce ni sau biyu a tsakar gida kamar ba ta gan ni ba, amma na ga ta ɗora babbar tukunya za ta kai gidan makoki. Wayar Hassane a kashe. Duk babur ɗin da ya wuce sai na miƙe tsaye.

Ɗazu Baba ya dawo zai yi alwala, ya tsaya a ƙofar ɗakina da buta a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya ce abin da na yi shi ne daidai, ko da yake ba bakina ya kamata ya faɗa ba. Sai ya ce, "Iyayen yaron nan za su zo wurina, ko yau ko gobe. Kafin su zo ina so in ji daga gare ki. Ya dawo ko bai dawo ba, kina iya zama da shi? In na fito daga masallaci ki ba ni amsa."

Ga shi an fara kiran magariba, ni kuwa ko alwala ban yi ba.